Sunan da Goggo Ba Ta Faɗa

Ranar Talata da hantsi Wanda ya ba mu aron Goggo ya karɓi abarsa. Yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina ɗan shekara shida, bayan rasuwar mahaifiyata. Ta yi jinyar kwana tara a ɗakinta a unguwar Damilu, cikin Jimeta. Kafin la'asar mun kai ta makwancinta. Daga gare Shi ta zo, kuma duk hanyar da ta bi za mu bi.

Da muka dawo daga maƙabarta, layinmu ya toshe da keke mai ƙafa uku. Direbobin da suka saba shan kununta da safe ne suka jera kekunansu tun daga bakin titi har ƙofar gida, suka zauna a kan takalmansu don tabarmi sun ƙare. Wani dogo daga cikinsu, mai yawan surutu, ya kama hannuna ya ce, "Oga mai faci, yanzu wa zai zage mu da safe?" Sai ya juya fuskarsa bango.

Washegari wasu mata suka iso daga Mubi da Michika cikin mota ɗaya, Musulmi da Kirista. Ban gane yawancinsu ba, su suka gane ni. Wata ta jawo wata yarinya da ta kusa kai mata kafaɗa, ta ce, "A bayan wancan randar aka haife ta. Goggo ce ta yanke mata cibiya."

Malama, maƙwabciyarmu ta katanga ɗaya, 'yar Numan ce, ta koyar a firamare har ta yi ritaya. Ta yi kuka har muryarta ta dishe, can kuma ta fashe da dariya a tsakiyar mata. Ta ce, "Shekara talatin matar nan tana cewa Malama ya zo, Malama ya tafi. Na gyara mata har na gaji. Ta ce ita Fillanci bai raba mace da namiji ba, Hausa ce mai neman fitina."

Surukar Goggo kuwa, matar marigayi ɗanta da muke kira Hamma, wato yaya, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta ɗauko tukunyar kunu ta wanke ta kife. Jim kaɗan ta sake ɗaukowa ta wanke.

Malama ce ta ce in rubuta wannan. Ta ce, "Kai ne ka iya biro yanzu a gidan nan. In ba ka rubuta ba, nan da shekara goma sai dai a ce wata tsohuwa mai kunu." Na wuce arba'in kafin in san baƙi, don haka a yi haƙuri da hannuna. Ba kuma zan kama sunan kowa ba. A gidan Goggo na tashi, ba mu saba ba.

Kunun gyaɗa take sayarwa a bakin zaure. Ita ke soya gyaɗarta, ita ke jiƙa tsamiyarta, ba ta yarda da niƙan inji ba sai da hannunta ya fara rawa. Tana da kalma ɗaya da kowa ya sani a unguwa. Ko ƙara ka kawo, ko gaisuwa, ko gulma, kafin ka buɗe baki za ta miƙo maka kofi ta ce, "Sha tukuna. Maganar ba za ta huce ba." Na ga mutum biyu sun zo da faɗa a kan iyakar fili, suka sha, suka manta wanda zai fara. Ba ta son godiya. In ka ce mata na gode, sai ta ce, "Tashi ka ba wani wuri." Direbobin keke kuwa kowa da zaginsa: wannan kansa kamar ƙwaryar da aka yar, wancan tuƙinsa kamar ana bin sa da sanda. Wanda ba ta zaga ba ran nan, sai ya tambaya ko lafiya.

Mutuniyar tsohon garin Yola ce, irin tarbiyyar da. Ba ta taɓa kama sunan mijinta ba har ya rasu. Ba ta kama sunan surukai. Ba ta kama sunan ɗan fari. Hamma kuwa ya haɗa biyu: shi ne ɗanta na fari, shi kaɗai ne ma ya rayu, kuma sunan surukinta aka sa masa, tsohon da kowa ke kira Baba. Saboda haka a bakin Goggo sunansa Mai Sunan Baba. Har wani direba mai irin sunan nan ba ta kira, sai dai ta ce "kai wancan." Muna yara mukan ɗana mata tarko, mu ce, "Goggo, yaya ma sunan limamin masallacin kasuwa?" don mun san sunan ɗaya ne. Sai ludayi ya biyo mu.

Ba ta kallon Hamma ido da ido. Ba ta yi masa magana kai tsaye, sai ta juya ga wanda ke kusa, ko bango in ba kowa, ta ce, "A gaya wa Mai Sunan Baba ruwan wankansa ya yi zafi," alhali yana tsaye gabanta. Baƙo zai ɗauka ba ta son sa. Mu da ke gidan mun san wa ake ɗebe wa saman kunu kafin a fitar.

Hamma ya yi shago a Mubi, yana sayar da yadi. Shekarar da 'yan bindiga suka shiga garin, kwana biyar ba mu ji duriyarsa ba. Rana ta shida da azahar sai ga shi a ƙofa, da matarsa, da 'ya'yansa uku, da wasu mutane a bayansa da ba mu taɓa gani ba, waɗanda suka haɗu a hanyar duwatsu. Goggo ta dubi ƙafafunsa da suka kumbura suka tsage. Ba ta dubi fuskarsa ba. Ta juya ga matarsa ta ce, "Ku sha tukuna."

Daga ranar gidan ya cika. Zaure, tsakar gida, rumfar awaki, har bayan randa. Wata uku Goggo ba ta sayar da kunu ba, duk abin da ta dama a cikin gida yake ƙarewa. Mai unguwa ya zo da kansa ya ce ta yi hankali, lokacin ba na yarda da baƙo ba ne, ba a san wanda ya shigo cikin masu gudu ba. Ta miƙa masa kofi ta ce, "Wanda ya zo kashe ni ma sai ya sha tukuna."

Da aka ce gari ya lafa, Hamma ya koma ya duba shagonsa, ya tarar da toka. Ya dawo ya riƙa zama wurina a bakin kasuwar Jimeta inda nake faci. Ya gwada aikin, hannun mai auna yadi bai iya ɓare taya ba. Wata rana ya ce mini, "Dubi gemuna. Da furfura a ciki, amma Dada ke ciyar da ni da ludayi." Dada yake kiran ta, wato uwa. Ba a jima ba ya ji labarin wani ramin haƙar kwal a wata jiha maƙwabciya, inda ake ɗaukar 'yan gudun hijira ba a tambayar takardar makaranta. Mutum da yawa daga cikin waɗanda suka gudo sun riga sun tafi.

Goggo ba ta so ba. Ta dubi bango ta ce, "A gaya wa Mai Sunan Baba, mutum ba ya shiga ƙasa da ransa."

Shi ma ya dubi bangon ya ce, "A gaya wa Dada, wata shida kawai. In na haɗa jari zan dawo."

Ta ce, "A gaya masa na ji."

Bai cika wata shidan ba. Ina bakin aiki da rana tsaka aka kira ni a waya, wani da suka tafi tare. Ya ce iskar gas ta taru a cikin ramin ta kama da wuta, ramin ya fashe ya rufta. Ya ce Hamma na cikin waɗanda aka ciro, kuma ba yadda za a ɗauko su, a can aka rufe su. Ban hau keke ba. Da ƙafa na tafi Damilu don in jinkirta isa.

Na same ta tana wanke kofuna. Ta dubi fuskata sau ɗaya. Ta kankare ƙasan tukunya ta cika kofi ta miƙo mini. Ta ce, "Sha tukuna." Na sha. Tana tsaye, hannunta a bakin tukunyar, tana jira. Ban taɓa shan kunu a hankali kamar ranar ba, kuma ba ta ce in yi sauri ba. Da kofin ya ƙare na faɗa mata. Ta yi salati, ta karɓi kofin ta wanke, sannan ta shiga ɗaki.

Bayan 'yan makonni aka yi shela cewa wata ƙungiyar agaji za ta tallafa wa iyalan waɗanda suka rasu a ramin. Da yake yawancin iyalan suna Yola da Jimeta, a nan za a yi rajista, a filin wata makarantar firamare. An ce akwai shinkafa da man girki da barguna, amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne za a ɗauki nauyin karatun marayu har su gama sakandare. Hamma ya bar uku. Babbar tana aji biyu na sakandare, kullum ita ke zuwa ta ɗaya.

Matar Hamma tana takaba, ba ta fita. Sai ni da Goggo muka tafi. Aka raba layi, maza daban mata daban. An ce na kusa da mamaci shi zai yi magana, don haka ita ta shiga layi, ni na tsaya gindin wata bishiya ina jiran a kira shaida. Abin da ya faru a teburin ban ji da kunnena ba, wata mata da ke bayanta ce ta ba ni labari daga baya.

Mai rubutun yarinya ce daga kudu, Hausarta kaɗan ce, amma tana da ladabi. Ta ce, "Mama, menene sunan shi?"

Goggo ta ce, "Mai Sunan Baba."

Yarinyar ta rubuta. Ta ce, "Baba ne na ƙarshe?"

Goggo ta ce, "Baba, e."

Ta dangwala yatsa. Aka kira ni. Yarinyar ta juyo mini da takardar, ta ɗora biro a kan layin ta ce, "Oga, duba. Haka ne?" Mutane na bayana, rana na dukana. Na dubi baƙaƙen nan kamar tururuwa a jere. Kalma huɗu ce za ta fisshe mu: ban iya karatu ba. Na ji kunyar faɗin ta a gaban yarinyar da na isa in haife ta. Na gyaɗa kai na ce, "Haka ne." Na dangwala nawa kusa da na Goggo.

Aka ba ta ɗan kati. Ta sa shi a gwangwanin da take ajiye allura da zare. Malama ta tafi Numan jinyar ƙanwarta a lokacin, yaran kuma ba wanda ya isa ya taɓa gwangwanin Goggo.

Ranar rabo muka koma filin tun da safe. Ana kiran sunan mamaci a lasifika, iyalinsa su fito su karɓa. Duk sunan da aka kira sai ka ji kuka ya tashi daga wani gefe. Goggo ta ja mayafi ta rufe kunnuwanta rabi, don ta san za a kira sunan da ba ta son ji a bainar jama'a, amma kuma tana jira. Azahar ta yi. La'asar ta yi. Aka fara naɗe rumfa. Na je na nuna katin, wani ya duba jerinsa ya ce babu mai wannan suna a cikin waɗanda masu ramin suka bayar. Ya ce duk katin da bai dace da jerin ba an soke shi.

Malama ta dawo a makon. Ta sa tabarau ta karanta katin, ta cire tabarau ta sake sawa. Ta ce, "Wane ne Maisuna?"

Na ce, "Wane Maisuna?"

"Ga shi an rubuta. Suna, Maisuna. Sunan uba, Baba."

Ban taɓa ɗaga wa Goggo murya ba sai ranar. Na ce, "Goggo, sau ɗaya! Sau ɗaya kawai aka ce ki faɗa! Yanzu kunya ce za ta biya wa yaran nan makaranta? Shi da kike jin kunyarsa yana ƙarƙashin ƙasa!" Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Matar Hamma tana ji daga ɗaki. Malama tana cewa, "Kai, ya isa, ya isa."

Goggo ta bari na gama. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "An nuna maka takarda?"

Na gyaɗa kai.

"Ka ce me?"

Ba ta jira amsata ba, ta ce, "Ni bakina ne ya kasa. Kai idonka ne ya kasa. Zauna." Ta miƙo mini kofi. Ba ta ƙara tayar da maganar ba har ta bar duniya, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Muka shiga neman gyara. Na kawo takarda daga mai unguwa. Aka ce sai takardar rantsuwa ta kotu, na kawo. Aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Na rufe wurin facina na yi ta zarya ofishinsu a Jimeta har mai gadi ya daina tambaya ta. A ƙarshe aka haɗa mu da wani babba, mutum mai tabarau da alamar gajiya. Ba mugu ba ne. Ya ce mutane da yawa suna zuwa da'awar mamacin da ba nasu ba, don yunwa ta yi yawa a gari, saboda haka wadda yatsanta ke kan katin ita za ta faɗi sunan da bakinta a gabansa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗan fari ne."

Ya ce, "Na gane. Ni ma uwata ba ta kama sunan yayana. Amma ba ni na kafa dokar ba."

Na koma na gaya wa Goggo, ina jiran ta ce a'a. Ta dubi inda babbar yarinyar ke wanke rigar makarantarta. Ta ce, "Kira keke."

Ofishin cike yake, mutane a kan benci har baranda, janareta na ruri a bayan taga. Goggo ta zauna a bakin kujera. Ta jawo mayafinta ta rufe fuska duka. Na ga mayafin ya motsa wajen bakinta.

Mutumin ya matso ya ce, "Mama, ban ji ba. Janareta. Ɗaga murya."

Sai ta faɗa da ƙarfi. Duk na kan benci suka juyo. Shekara arba'in da wani abu tana ɗauke da sunan nan ba ta sauke shi ba, ta sauke shi a gaban baƙi, sau biyu. Ni kaina sai na ji kamar ban taɓa jin sunan ba.

Mutumin ya danna kwamfuta. Ya ce, "Ga shi nan. Yana cikin waɗanda suka rasu, babu shakka." Na ce alhamdu lillahi. Shi kuwa bai ɗago ba. Ya daɗe yana kallon abin. Sannan ya ce an riga an rufe jerin tun makon da ya wuce, an tura can sama. Waɗanda iyalansu ba su bayyana ba, an yi rubutu a gaban sunansu, an mayar da kasonsu sansanin 'yan gudun hijira.

Goggo ta buɗe fuska. Ba ta tambayi shinkafa ba. Ta ce, "Me aka rubuta a gaban nasa?"

Ya ce, "An rubuta ba a samu danginsa ba."

"Wato ba shi da kowa."

"Ba haka ake nufi ba, Mama."

"Goge."

"Ba ni da ikon gogewa."

"To rubuta a ƙasa, uwarsa ya zo."

Ya ce, "Mama, wallahi babu wurin da zan rubuta."

Muka hau keke muka koma gida. Washegari direbobi suka zo da safe suka tarar da zaure a rufe, karo na farko da ba haihuwa ba rasuwa. Jibi ta buɗe, ta zage su kamar kullum.

Babbar yarinyar ta ƙarasa zangon nan, ba ta koma ba. Ƙannenta biyu muka iya riƙewa a makaranta, ni da kunun Goggo, Malama na yi musu ƙari da yamma. Ita kuwa ta koma soya gyaɗa. Ba ta taɓa cewa laifin wane ne ba. Littattafanta suna nan a cikin kwali.

Malama ce ta kai ni ajin yaƙi da jahilci a Bekaji. Bayan la'asar muke zama, a kan bencin yara, gwiwoyina na dukan tebur. Shekara uku na yi, don kaina ba ya kamawa da wuri. Abin da na fara karantawa ni kaɗai ba allon talla ba ne, ba sunan titi ba ne. Na roƙi Goggo ta buɗe gwangwani, na ɗauko katin na bi shi da yatsa. Mai-su-na. Ba-ba. Haruffa goma sha ɗaya. Da na san su a ranar nan, da numfashi ɗaya ya isa.

Da hannuna ya ɗan zauna na fara rubuta takardun koke. Na daina neman shinkafa, na daina neman makaranta don lokaci ya wuce. Abu ɗaya nake roƙo, wanda Goggo ke tambaya ta duk sanda ta ga na sa rigar kirki: a goge layin nan. Na kai ofishin Jimeta, aka ce ma'aikatan sun canza. Na je jihar da ramin yake, aka ce maganar ta Yola ce. Na dawo Yola, aka ce aikin ya ƙare tuntuni. Zuwana na ƙarshe na tarar ofishin ya zama shagon sayar da waya. Na tsaya da ambulan a hannu, mai shagon yana tambaya ta ko caja nake so. Duk sanda na dawo Goggo takan ce, "An goge?" In ce, "Tukuna." Ta ce, "To. Sha."

A rana ta huɗu da kwanciyarta, da safe, na shiga gaishe ta. Ta ce matar Hamma ta ba mu wuri. Ta ce, "Ka iya sosai yanzu?"

Na ce, "Daidai gwargwado, Goggo."

"Rubuta shi."

Ban tambaya wa ba. Na yago takarda daga littafin ajina na rubuta sunan da manyan baƙi, a hankali, na tabbata ban bar ko ɗaya ba. Na miƙa mata. Ta riƙe ta a kife, na gyara mata. Ta daɗe tana kallo, irin kallon da ba ta taɓa yi wa mai sunan ba.

Ta ce, "Duk shi ke nan? Ɗan kaɗan haka?"

Na ce, "Shi ke nan."

"Ina farkonsa?"

Na nuna mata. Ta ɗora yatsa ta bi har ƙarshe, ta dawo ta sake bi. Leɓenta bai motsa ba. Sannan ta ce, "Rubuta a ƙasa. Yana da uwa."

Na ce, "Goggo, wa za a kai wa?"

Ta ce, "Kai dai rubuta."

Na rubuta. Ta ninke ta sa ƙarƙashin matashi. Na tashi zan fita, ta ce, "Ka sha kuwa?"

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, matar Hamma ta same ni a zaure, babbar 'yarta na biye da ita. Ta miƙo mini takardar. A cikin rigar matashi ta same ta. Wurin sunan ya yi duhu ya yi laushi saboda bin yatsa. Ta ce, "Karanta mini. Amma ka tsallake na sama."

Na karanta mata: yana da uwa.

Ta ce, "Akwai sauran wuri?"

Na ce akwai.

"Ƙara. Yana da mata. Yana da 'ya'ya uku."

Na ƙara. Ta ce, "Kai fa?" Na rubuta, yana da ƙane. Hannuna ya karkace a nan, layin ya hau sama.

Yarinyar ta leƙo ta kafaɗata ta karanta duka da sauri, yadda ni ba zan taɓa iyawa ba. Ta nuna layin farko na ƙasan sunan ta ce, "Bappa, wannan fa? Yanzu da Goggo ba ta nan, ai sai a gyara shi."

Na riƙe biron na daɗe. Ban taɓa layin ba.

Takardar tana cikin gwangwanin allura, tare da katin Maisuna Baba. Ban san ofishin da zan kai ta ba, kuma a can sama, inda aka tura jerin, har yau abin da ke rubuce yana nan yadda yake. Wanda ya karanta wannan, in ya taɓa shan kunu a bakin zauren nan na Damilu, ko bai taɓa ba, ya sa ta a addu'a. Allah ya jiƙan Goggo, ya yafe mini muryar da na ɗaga mata, ya sada ta da Mai Sunan Baba a wurin da aka san kowa ba sai uwarsa ta faɗa ba.